Hayaƙi cikin giya: tarihin kyafaffen tsiro daga murhun Ingila zuwa tukunyar masu dahuwar gida

1. Gabatarwa

Mai dafa giya a gida, a Amurka ko Ingila ko Faransa, idan ya zauna tsara haɗinsa, yakan yi lissafi kamar haka: cikin kilo 5 na tsiro, kilo 1 zai zama kyafaffe, in ya ɗanɗana ya ji hayaƙin ya yi yawa, a dahuwa ta gaba sai ya rage zuwa rabin kilo. Ana iya ɗaukar wannan ƙaramin abu ne. To amma kafin ya yiwu, sai da masu sana'ar suka yi fiye da shekara 300 suna neman hanyar rabuwa da hayaƙi. Abin da muke so mu nuna cikin wannan ƴar maƙala shi ne, hayaƙi bai shiga jerin ɗanɗanon da ake zaɓa ba sai bayan da aka sami ikon korarsa, kuma shi kansa tsarin haɗi da ake gyarawa da alƙalami, haraji da ma'auni ne suka haife shi.

Ya kamata mu daidaita kan kalmomi tukuna. Abin da Faransanci ke kira malt, mu za mu ce masa tsiro, kamar yadda masu burkutu da masu kunun zaƙi suke faɗa. Wanda aka busar bisa wuta har hayaƙi ya kama shi, za mu kira shi kyafaffen tsiro, don aikin ɗaya ne da kyafa kifi ko nama. Kalmar el kuwa, a Ingila ta dā tana nufin giyar da ba a sa mata furen hublon ba, furen nan mai ɗaci da ya shigo ƙasar daga yankin Holan da Beljik wajen shekara ta 1400. Daga baya ma'anar ta sauya: el ita ce giyar da yis ɗinta ke tashi a sama, cikin ɗumi na digiri 15 zuwa 22, saɓanin laga wadda ke bukatar sanyi na wajen digiri 7 zuwa 12. Wannan bambanci shi ya sa el ta zama giyar masu dahuwar gida, don ba ta bukatar ɗakin sanyi.

2. Matsalar makamashi

Ƙwayar sha'ir ba ta da sukarin da yis zai ci. Gari ne kawai cikinta. Sai an jiƙa ta, an bar ta ta tsira kwana 4 zuwa 6, sannan sinadaran da ke mai da gari sukari su farka. Daga nan dole a tsai da tsirowar ta hanyar busarwa, in ba haka ba tsiron ya cinye abin da ake nema. A ƙasashenmu na Sahel wannan mataki ba ya tada hankalin kowa: ana shanya tsiron dawa bisa tabarma, rana ta yi aikinta. A arewacin Turai kuwa, ana yin tsiro ne cikin watannin sanyi, daga kaka zuwa bazara, lokacin da rana ba ta da ƙarfi kuma iska na ɗauke da laima. Saboda haka sai wuta. Ana shimfiɗa tsiron bisa wani dandamali mai huda-huda, a hura wuta a ƙasa, zafi da hayaƙi su ratsa shi tare.

Daga nan ne wasu marubuta suka yanke cewa dukan giyar Turai ta dā mai ƙauri ce. Wannan magana ta wuce abin da shaidu suka nuna. A wasu yankuna, kamar Leuven da Hoegaarden a Beljik, ana baza tsiro a benen ɗaki iska ta busar da shi, ba tare da wuta ba. A Ingila kuma masu sana'ar sun san bambancin makamashi sarai. William Harrison, cikin bayaninsa kan Ingila da ya fara fitowa a 1577, ya fifita tsiron da aka busar da karan hatsi bisa wanda aka busar da itace, yana mai nuna cewa na itace yana sa giya duhu kuma yana damun kan wanda bai saba da shi ba. Ke nan tun ƙarni na 16 ana lissafa ƙauri cikin aibobi. Wanda ya sha giya mai hayaƙi a lokacin, galibi don ita ce ta samu a yankinsa ko ita ce aljihunsa ya iya.

A nan ma ya dace a tuna cewa dahuwar gida ita ce asali. Judith Bennett, cikin bincikenta na 1996 kan shekarun 1300 zuwa 1600, ta nuna cewa mata ne ke riƙe da dahuwar el a ƙauyukan Ingila, suna dafawa don gida su sayar da rara, kafin jari da hublon su mai da sana'ar hannun maza. Waɗannan mata ba su da rubutaccen tsarin haɗi. 

Itace ya yi tsada a Ingila tun ƙarni na 16, ga kuma kwal mai yawa, irin wanda ake haƙa a Anu Araren. Sai dai ɗanyen kwal yana da farar wuta, hayaƙinsa na ɓata tsiro fiye da na itace. Hanyoyi biyu aka bi. Ta farko ita ce raba hayaƙi da tsiro: a 1635 Nicholas Halse, mutumin Cornwall, ya sami takardar mallakar fasaha ta wani murhu da zai busar da tsiro ba tare da hayaƙi ya taɓa shi ba. Ta biyu ita ce tsabtace makamashin kansa: wajen 1642, a yankin Derbyshire, aka fara busar da tsiro da kok, wato kwal da aka gasa kamar yadda ake gasa itace ya zama gawayi. Kok ba ya hayaƙi sosai, kuma ana iya riƙe zafinsa ƙasa-ƙasa. Da shi aka sami farin tsiro mai yawa, wanda daga gare shi farar el ta fito. Abin lura, masu tsiro sun riga masu narkar da ƙarfe amfani da kok da fiye da shekara 60, tun da sai a 1709 Abraham Darby ya yi nasara da shi a Coalbrookdale.

3. Ma'auni da haraji

Farin tsiro ya daɗe yana da tsada. Giyar talakan Landan a ƙarni na 18 ita ce fota, wadda ta bayyana wajen 1720, ana dafa ta da jan tsiro na yankin Hertfordshire da ake busarwa da sauri bisa wuta mai ƙarfi ta itace ko kara. Ana ajiye ta watanni cikin manyan gangunan katako, kuma wasu masana na ganin cewa wannan ajiya tana rage kaifin ƙaurin. Masu masana'anta sun ɗauka jan tsiro ya fi araha, domin kuɗin mudunsa bai kai na fari ba.

Na'urori biyu ne suka rushe wannan zato. Michael Combrune ya yaɗa amfani da ma'aunin zafi cikin rubuce-rubucensa na 1758 da 1762. Sannan a 1784 John Richardson ya wallafa sakamakon awonsa da ma'aunin sukari, ƴar na'urar da ake tsomawa cikin ruwan tsiro ta nuna kaurinsa. Awon ya bayyana cewa jan tsiro yana ba da wajen kashi 2 cikin 3 ne kawai na sukarin da farin tsiro ke bayarwa, saboda wuta mai ƙarfi ta ƙone wani ɓangare. Shi kuwa harajin tsiro, wanda aka kafa a 1697 aka kuma ɗaga shi ƙwarai lokacin yaƙe-yaƙen Napoleon, bisa mudu ake biyansa, ba bisa sukarin da ke ciki ba. Duk wanda ya iya lissafi ya ga inda riba take. Peter Mathias ya bi diddigin wannan sauyi cikin littafinsa na 1959 kan masana'antar giya ta Ingila daga 1700 zuwa 1830.

A ganinmu nan ne aka haifi tsarin haɗi irin na zamani. Masu fota suka koma ga farin tsiro don sukari, suka rage jan tsiro ya zama ɗan kashi don launi da ɗanɗano. Wato an raba aikin tsiro gida biyu, wani na ba da ƙarfi, wani na ba da kama. Matsalar da ta rage ita ce launi, domin masu sha sun saba da baƙar fota. Aka yi ta zuba ƙonannen sukari har dokar 1816 ta hana. A shekarar da ta biyo, 1817, Daniel Wheeler ya sami takardar mallakar wata ganga ta ƙarfe mai juyawa bisa wuta, irin ta gasa kofi, wadda ke gasa tsiro da zafi sama da digiri 200 har ya yi baƙi ƙirin, hayaƙin makamashi bai taɓa shi ba. Ƴan kashi kaɗan cikin 100 na wannan baƙin tsiro sun isa su rina tukunya duka. Daga lokacin, duhun giya da ƙaurinta suka rabu, alhali a dā tare suke tafiya.

Fasahar ta ƙetara teku. A 1833 Gabriel Sedlmayr na Munik da Anton Dreher na Biyana suka zagaya masana'antun Birtaniya suna koyo, wasu ma na cewa suna satar sani. Laga ta Biyana ta fito a 1841, ta Pilsen a 1842, dukansu da tsiro marar hayaƙi. Kafin ƙarshen ƙarnin, murhun itace ya zama abin tsofaffi.

Akwai wani babi na ƙarshe da ba a cika ambata ba. Har cikin shekarun 1970 masana'antu da yawa suna busar da tsiro da iskar da ta fito kai tsaye daga harshen wutar gas ko mai. A 1978 da 1979 masu bincike na cibiyar nazarin ciwon daji ta Heidelberg suka gano sinadarin NDMA, ɗaya daga cikin nitrosamin masu jawo ciwon daji, cikin giya iri-iri, kuma adadi mafi yawa ya fito ne daga giya mai kyafaffen tsiro. Sinadarin yana samuwa ne idan iskar ƙuna ta haɗu da wasu sinadaran tsiron. Cikin ƴan shekaru aka sauya murahu zuwa dumama iska ta bayan bututu, wasu kuma suka riƙa ƙona farar wuta a farkon busarwa. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sa iyaka ta kashi 5 cikin biliyan.

4. Inda hayaƙi ya tsira

Wuraren da suka riƙe tsohuwar hanya kaɗan ne. A garin Bamberg na Jamus, gidaje biyu, Schlenkerla da Spezial, ba su daina kyafa tsironsu da icen da Faransanci ke kira hêtre ba. A Grodzisk ta Folan ana dafa wata el marar ƙarfi, mai barasa wajen kashi 3 cikin 100, da tsiron alkama zalla da aka kyafa da icen chêne. A tsibirin Gotland na Suwidin da kuma Stjørdal kusa da Trondheim a Norwe, manoma sun ci gaba da dahuwar gida. A Stjørdal suna haɗa kai su gina ɗakin busarwa, su hura icen aulne, hayaƙi ya ratsa allunan katako masu huda, a sami tsiro mai ƙauri ƙwarai na giyar Kirsimeti. Lars Marius Garshol ya bayyana aikinsu cikin littafinsa na 2020.

Waɗannan na Norwe da Suwidin su ne magadan matan da Bennett ta yi nazari. Masu dahuwar gida da muka fara da su kuwa daga wata hanya suka fito, kuma doka ce ta buɗe musu ita. A Birtaniya, dokar Gladstone ta 1880 ta soke harajin tsiro, ta mai da shi kan giya bisa kaurin ruwan tsiro, ta kuma wajabta wa mai dafawa a gida yankar lasisi. Sai a watan Afrilu na 1963 ministan kuɗi Reginald Maudling ya soke wannan sharaɗi. A Amurka, bayan haramcin barasa na 1920 zuwa 1933, an halatta yin ruwan inabi a gida amma ba a ambaci giya ba. Jimmy Carter ya sa hannu kan dokar gyara ran 14 ga Oktoba 1978, ta fara aiki ran 1 ga Fabrairu 1979: galan 100 a shekara ga baligi ɗaya, 200 ga gida mai baligai biyu ko fiye, wato wajen lita 380 da 760. Jihohin Alabama da Mississippi su ne na ƙarshe da suka amince, a 2013.

Waɗannan sababbin masu dahuwa ba su gaji murhu ko al'ada ba, littattafai suka gada. Michael Jackson, ɗan jaridar Ingila, ya rarraba giyar duniya iri-iri cikin littafinsa na 1977. Dave Line a 1978 ya koyar da kwaikwayon giyar kasuwa a ɗakin girki. Charlie Papazian ya kafa ƙungiyar masu dahuwar gida ta Amurka a Boulder a 1978, littafinsa ya fito a 1984, kuma a 1985 aka kafa shirin BJCP na horar da alƙalan gasa, wanda daga baya ya riƙa fitar da jagorar da ke fayyace kowane iri da lambobi. Zaɓen tsarin haɗi ya koma zaɓen iri daga jeri. Cikin wannan yanayi ne kamfanin Alaskan da ke Juneau ya fitar da fota mai hayaƙi a 1988, da tsiron da aka kyafa da icen aulne a gidan bandar kifi. Kamfanin Weyermann na Bamberg, wanda aka kafa a 1879, ya riƙa sayar da kyafaffen tsiro ƙasashen waje, sai ga abin da aka yi ƙarnuka ana gudu ya zama kaya cikin buhu mai suna da farashi.

5. Yadda ake gyara haɗi

Dahuwar da aka saba a Amurka galan 5 ce, wajen lita 19. Kilo 4 da rabi na farin tsiro na ba da kauri kusan 1.050 a lita 20, wanda ke zama barasa wajen kashi 5 cikin 100. Wannan lissafi jikan na Richardson ne kai tsaye. Kyafaffen tsiron Bamberg ana busar da shi da zafi mai sauƙi, sinadaransa na raye, don haka ana musanya shi da farin tsiro kilo da kilo ba tare da ƙarfin giyar ya sauya ba. Abin da ke sauyawa ƙauri ne kawai. Kashi 10 zuwa 20 cikin 100 yana ba da ɗan hayaƙi daga baya. Rabin haɗi yana sa shi gaba. Akwai masu kai shi 100 cikin 100 kamar yadda ake yi a Schlenkerla. Baƙin tsiron Wheeler kuwa ba a cika wuce kashi 5 da shi ba, don yana kawo bauri.

Lambobin nan ba su da tabbas irin na sukari, kuma dalilin yana cikin sinadari. Ƙauri yana fitowa ne daga fenol, kamar gayakol, waɗanda ke tashi idan itace na ci a hankali, su manne wa ɓawon ƙwaya. Suna gushewa da ajiya, saboda haka buhun da ya shekara a shago ba zai yi aikin sabo ba. Kowane ice da nasa: hêtre na tuna wa mutum kyafaffen nama, chêne ya fi shi bushewa, aulne ya fi zaƙi. Idan ruwan famfo na da kulorin, yakan haɗu da fenol ya ba da warin magani, don haka ake tace ruwan ko a kashe kulorin ɗin tukuna. Masu gwaninta kan jiƙa tsiro a digiri 67 ko 68 don a bar ɗan zaƙin da zai tare hayaƙin, su kuma rage hublon mai ƙamshi na ƙarshen tafasa, wanda ke karo da shi. Sannan harshe kan saba: kofi na farko da na uku ba sa ba da hukunci ɗaya. Wannan ya sa ƙa'idar da ake koyarwa ita ce a sauya abu ɗaya tak a kowace dahuwa, a rubuta shi cikin littafi tare da ranar da aka sayi tsiron.

Wani iri yana buƙatar a tsaya a kansa, domin yana nuna yadda ake ƙirƙirar al'ada. Shi ne tsiron da ake kyafawa da tourbe, ruɓaɓɓen ciyayin fadama da ake yankawa a busar a ƙona a Sikotilan. An yi shi ne don wuski, inda fenol ke iya kai kashi 30 zuwa 50 cikin miliyan. Ƙarfinsa ya ninka na Bamberg nesa ba kusa ba. Kashi 1 zuwa 3 cikin 100 ya isa, fiye da haka giya ta yi warin kwalta. A 1982 kamfanin Fischer na Alsace ya fitar da Adelscott da irin wannan tsiro, da suna mai kama da na Sikotilan. A Amurka ma cikin shekarun 1980 da 1990 ra'ayi ya bazu cewa el ta Sikotilan ta asali tana da ƙaurin tourbe, aka yi ta zuba shi cikin haɗi, alƙalan gasa suna ba da maki. Da masu bincike irin su Ron Pattinson da Martyn Cornell suka koma ga kundayen masana'antun Edinburgh da sauran takardun zamanin, sai suka tarar da farin tsiro irin na Ingila, ba su ga shaidar tourbe ba. Edinburgh da Alloa, inda manyan masana'antun suke, a bakin ramukan kwal suke zaune. Jagorar BJCP ta 2015 ta fitar da tourbe daga bayanin waɗannan giya. Muna ganin wannan misali ya cancanci a ba ɗaliban tarihi shi, don cikin shekara 30 kacal an ga haihuwar wata "tsohuwar al'ada", da bunƙasarta, da rushewarta a gaban kundin ajiya.

Labarin Grodzisk ya bi akasin wannan hanya. Masana'anta ta ƙarshe a garin ta rufe a 1993, giyar ta ɓace daga kasuwa. Masu dahuwar gida ne suka riƙe ta. A 2011 ƙungiyarsu ta Folan ta kafa kwamiti na farfaɗo da ita. Suka tattara takardun tsohuwar masana'anta, suka tambayi tsofaffin ma'aikata, suka nemo yis ɗin da aka adana, suka fitar da bayanin haɗi: tsiron alkama kyafaffe da chêne 100 cikin 100, kauri wajen digiri 7 zuwa 8 na ma'aunin Plato, hublon na Folan mai yawa, da iska mai ƙarfi cikin kwalba. Masu yin tsiro suka fara sayar da tsiron alkama mai hayaƙin chêne saboda buƙatar da ta taso, kuma a 2015 aka sake buɗe masana'anta a Grodzisk, a harabar ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen dahuwa na garin.